Ɗorin Gida

Da ƙafarsa ta hagu cikin farar filastar asibiti aka sauke Bilya a ƙofar gidansu a Mairuwa. Tun kafin a gama fito da shi daga mota, Alhaji Mani, wan mahaifinsa kuma maigida tun rasuwar uban, ya kafa wa filastar nan ido yana huci kamar an zage shi a kasuwa. Ko sannu bai ce wa yaron ba. Sai da ya matso ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya ji taurinta, sannan ya juya ga Yahuza, yayan Bilya, wanda aka aika ya ɗauko shi.

"Wanga siminti fa? Ƙafa ka kawo mini ko katanga?"

"Baba, na wucin gadi ne," in ji Bilya, yana cije leɓe saboda wahalar hanya. "Likita ya ce kumburi na saɓewa za a yi mini aiki a sa ƙarfe. Kwana biyu kurum na zo yi, Inna ta gan ni in koma."

"Ƙarfe," in ji Alhaji Mani, yana duban maƙwabtan da suka taru. "Kun dai ji da kunnenku. Jikan Malam Jabiru Maɗori za a sa wa ƙarfe a ƙafa, sai ka ce amalanke."

Aka yi dariya, aka ciccibi Bilya aka shiga da shi.

Bilya shi ne ɗan yankin na farko da ƙwallo ta zame wa sana'a. Kafin shi, daga Faskari har Sabuwa, ƙwallo abar 'yan zaman banza ce, a buga ta ba takalmi a filin firamare, a koma gida a sha zagi. Shi kansa Alhaji Mani ya taɓa farke masa ƙwallo da wuƙa a gaban abokansa. Amma ranar da wata ƙungiyar ƙwararru ta birni ta ɗauki yaron, ta ba shi riga mai lamba da albashi, aka fara jin sunansa a rediyo ana cewa ɗan hagun nan ya sake zura ta a raga, sai ya koma "ɗana Bilyaminu" a bakin Alhaji. Kwanon da aka lulluɓe gidan da shi, famfon tsakar gida, takin da ake saukewa kowace damina, duk daga ƙafar nan ta hagu suka fito. Ana cikin maganar wata ƙungiya ta ƙasar waje na son gwada shi, wani ɗan baya ya shigo masa da ƙafa biyu a wasan share fage, ƙashin ƙwaurinsa ya karye ƙasa da gwiwa kaɗan. Likitan da ya duba hoton ya ce karaya ce mai daɗin gyara, kuma kulob ya ɗauki nauyin aikin. In an yi, kafin wata daminar zai koma fili.

Iyakar abin da Bilya ya sani ke nan. Bai san cewa mahaifiyarsa, Inna Hajara, ba ta daina cin abinci ba kamar yadda Yahuza ya je ya faɗa masa. Kuka dai ta yi, ta share hawaye ta ci tuwonta. Alhaji Mani ne ya tsara saƙon.

Gidan nasu gidan maɗora ne, kuma sunan ba na banza ba ne. Kakansu Malam Jabiru ya tsufa yana ɗori, ana kawo masa karaya a kan jaki daga ƙauyukan Kankara da dazukan Sabuwa. Sai dai lokacin da tsohon ke zaune a zaure yana neman wanda zai koya wa, Alhaji Mani na can yana bin kasuwannin shanu, yana cewa ɗori aikin marar jari ne. Da 'yan bindiga suka tare hanyoyi, aka rufe kasuwannin dabbobi, jari ya karye, sai ya tuna ashe yana da gado. Ya kakkaɓe buzun marigayin, ya rataya jakar fatarsa a zaure, ya zauna. A ganinsa ɗori a jini yake, ana gadonsa kamar wushirya. Ya ja targaɗe biyu ko uku, ya ɗaure hannun wata yarinya da ya warke a karkace, kasuwa dai ta ƙi buɗewa. Ana haka sai ga ƙafar da ta fi kowace ƙafa suna a ƙasar ta karye, kuma mai ita ɗan gida ne da ba ya iya yi masa musu.

Washegari da hantsi Bilya ya ga an shigo ɗakinsa da zarto, da damin karan dawa da aka fere, da tsummoki, da kwanon man shanu. Bayan Alhaji akwai Yahuza da ƙarti uku 'yan unguwa, ɗaya yana rungume da jan zakara.

"Baba, don girman Allah," in ji Bilya, yana ja da baya da gwiwar hannu. "An riga an sa mini rana. Wannan ƙafar da ita nake ci, da ita kuke ci."

"To shi ya sa ba ni barin ta hannun baƙi. Ka san mi za a ce in aka ji ɗan gidanga shina kwance asibiti don karaya? Ka kashe gidanga ke nan. Wa zai sake kawo mini ko ɗan yatsa?"

"Baba, hoton ƙashin na cikin jakata, ka duba ka gani."

"Kakanka da hoto ya yi aiki? Ku riƙe shi."

Bilya ya ƙwala wa uwarsa kira. Inna Hajara tana bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, "Yi haƙuri, ɗan nan. Ubanka ne. Ba shi cutar ka." Daga nan ta koma madafa, ta kama daka da ƙarfi don kada ta ji.

Aka yanke filastar, ƙarti suka danne shi. Alhaji Mani ya shafe ƙafar da man shanu, ya tofa abin da zai tofa, ya kama idon sawu ya ja da dukkan ƙarfin mai kayar da bijimi. Bilya ya ji ƙasusuwan da likita ya jera sun goce suna gugar juna, ya yi ƙara har muryarsa ta dushe. Aka jera karare tun daga idon sawu har gwiwa, aka naɗe da tsumma, aka bi da igiya. Alhaji ya taka gefen katifa ya tamke igiyar, ya sake tamkewa, don shi a iliminsa kyan ɗori tsauri.

Sannan aka miƙo zakara. A al'adar gidan, in an yi wa mutum ɗori sai a karya ƙafar kaza a ɗaure ta, ranar da ta taka to mai karaya ma ƙashinsa ya kama. Malam Jabiru yana yin haka, amma kullum da safe sai ya matsa yatsun majinyaci ya ga ko jini na zuwa, ya sassauta ɗauri in ya ga kumburi. Wannan ɓangaren Alhaji Mani bai gani ba, yana kasuwa. Na kazar kawai ya riƙe. Ya ɓalle ƙafar zakaran, ya ɗaure da tsinke, ya ce ba mai taɓa ɗaurin Bilya sai zakara ya taka.

Azabar da ta biyo baya ba irin ta karaya ba ce. Bilya ya san ciwo, an sha taka shi da takalmi mai ƙusa ya tashi ya ci gaba da gudu. Wannan daban ne. Ƙafar ta cika ta batse a cikin kararen, tana bugawa, ba kwanciyar da ke ba shi sauƙi. Yatsun suka kumbura suka yi sheƙi. Ya roƙi a sassauta ko da kaɗan ne.

"Ƙashi ne ke kamawa," in ji Alhaji Mani daga bakin ƙofa. "In bai yi zafi ba ai bai yi aiki ba. Ku 'yan birni kun saba da allurar barci."

Ya wuce wurin zakaran. Zakara kam ya ga gata. An kifa masa kwando a inuwar darbejiya, ana ba shi tsaki da ruwa mai tsabta, Alhaji da kansa yake durƙusawa ya duba ɗaurin safe da yamma, ya sassauta in ya ga ya matse. Ba a taɓa jinyar kaza a Mairuwa kamar wannan ba.

Lokacin kuwa shi ne lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin yankin saboda 'yan bindiga. Wayar Bilya ta zama madubi. Mai son kira sai ya yi tafiya har wajen Zariya. Yahuza ya ce wa Bilya ya ba shi wayar da makullin mota, zai je ya nemo sabis ya gaya wa koci, mai horar da su Bilya, halin da ake ciki. Ya tafi da safe cikin rigar wasan ƙaninsa, ya dawo da la'asar yana sakace haƙora.

"Yaya, ka same su? Mi suka ce?"

"Na samu koci. Shina gaishe ka."

"Ka ce su turo mota?"

Yahuza ya sosa ƙeya. "Kai Bilya, ka san Baba. In motar kulob ta tsaya ƙofar gidanga ni zai tsine wa. Na ce musu ana ɗorin gida, sauƙi ya samu, har ka fara takawa."

"Na fara takawa?"

"To ai za ka taka ɗin. Baki shi ke yanka wuya, gara a faɗi alheri."

"To ɗauke ni ka kai ni Funtua. Ga ta nan kusa. Su duba kurum mu dawo."

"Ba mai. Ka san an hana saida shi a jarka. Kuma hanyar nan ba ta da tabbas yanzu."

Hanyar da ba ta da tabbas ita Yahuza ke bi kusan kullum a motar Bilya, ya je Funtua gidan kallo ya ga wasan Turai, ya dawo yana ba da labarin wanda ya ci. Mai ba ya yankewa sai in majinyaci ne zai shiga.

Zaure kuwa ya cika. 'Yan dubiya na zuwa daga Faskari, daga Damari, da matasan da suka liƙa hoton Bilya a shagunansu. Kaɗan ake bari su leƙa ɗakin, daga bakin ƙofa, sauran a zaure ake tare su. Alhaji Mani na kan buzu ya sha sabon rawani, yana ba da labari ɗaya ba ya gajiya.

"Likitocin birni sun taru sun ce sai ƙarfe. Na ce ku kawo mini ɗana. Hannu ɗaya na sa, ƙashi ya koma mazauninshi, ji kake ƙas. Ku jira ku gani, da ƙafar nan zai tahi ƙasar waje."

Sai a ce, "Gado ba ƙarya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Bilya yana jin su ta taga, yana cizon matashi.

Da wari ya fara fita, Inna Hajara ce ta fara ji, don ita ke kawo masa kunu. Ta tsaya da kwano a hannu, ta dubi yatsun da suka koma ruwan toka, ta dubi ƙudajen da ke bin tsumman. Bilya ya kama gefen zanenta.

"Inna, wuƙa kurum za ki ba ni. Ni zan yanke igiyar da kaina. Ba sai kin taɓa ba."

"Rufa mini asiri, Bilya. Ni zaman 'ya'ya nike a gidanga. In na sa hannu a aikinshi cewa za a yi na raina gadon gidan miji. Ina za ni da tsufana?"

"Inna, ƙafata ruɓewa take."

"Kul, kada ka sake faɗin haka. Man shanu ne ya yi tsami."

Ta fita ta dawo da kasko, ta zuba turaren wuta, ta ajiye a ƙarƙashin taga. Daga ranar ba a rasa hayaƙi a ɗakin. Tana son ɗanta, wannan ba a musu, kullum sai ta yi masa addu'a tana kuka. Amma da ta auna ƙafarsa da zamanta lafiya a gidan, zaman ne ya rinjaya, kuma wuƙar na nan a madafa tana yanka kuɓewa da ita.

Ba ita kaɗai ba ce mai hanci. Wani malamin makaranta da ya koyar da Bilya ya leƙo, ya ja numfashi, fuskarsa ta sauya. Bilya ya zuba masa ido yana jira. Malam ya gyara hula ya ce, "Allah Ya ƙara sauƙi," ya fita. A ƙofar gida ya gaya wa abokin tafiyarsa cewa abin bai yi masa ba, amma sha'anin gida ne, kuma Alhaji babba ne.

Sai wata safiya Bilya ya farka bai ji ciwon ba. Ba bugawa, ba zafi, ba komai. Ya miƙa hannu ya mintsini babban yatsan, ya ji kamar ya mintsini itace. Yatsun sun yi baƙi. Tsoron da ya kama shi a lokacin ya fi duk azabar da ya sha, don shi ɗan wasa ne, ya san ƙafa mai rai ba ta yin shiru haka. Ya gaya wa Yahuza, Yahuza ya ruga zaure da albishir.

"Baba, ya ce ciwo ya ɗauke!"

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji Mani. "Ban gaya muku ba?"

Kamar da gangan, a ranar ne da aka ɗaga kwando zakara ya miƙe, ya ɗingisa, ya taka, ya bi wata kaza da gudu. Gida ya kaure da guɗa. Aka soya ƙosai aka raba sadaka, Alhaji ya ɗauki zakaran ya fita da shi ƙofar gida yana nuna wa masu wucewa. Bilya ya ce to tunda ya taka a kwance ɗaurin. Alhaji ya ce a bari sai Juma'a bayan an sauko, ya riga ya gayyaci mutane su zo su shaida, ba ya kwance aiki irin wannan ba idon jama'a.

Kafin Juma'ar zazzaɓi ya rufe Bilya. Yana rawar ɗari cikin zafin rana, yana sambatu, yana kiran abokan wasansa su ba shi ƙwallo ga shi a buɗe. Alhaji ya ce sammu ne, maƙiya ne daga cikin 'yan wasan da ke kishinsa, ya sa aka kawo rubutu. Yahuza ya ce shawara ce, ya sayo ƙwayoyi a kemis. Kowa ya sami sunan da zai ba cutar, ban da sunanta.

Mansura, babbar yayarsu da ke aure a Kankara, ita ce ta iso ana gobe Juma'a. Rashin waya ya sa sai a makare labari ya same ta, kuma labarin da ya same ta na sauƙi ne, har da ɗan dambun nama ta zo da shi na barka. Tun daga tsakar gida ta tsaya ta toshe hanci.

"Inna, mi ya mutu a gidanga?"

Ta bi warin har ɗakin, ta ture kaskon turare da ƙafa, ta yaye zanen da aka rufa masa. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Madafa ta nufa ta ɗauko wuƙar kuɓewa, ta dawo ta datse igiyar. Da kararen suka zube, Inna Hajara ta kurma ihu ta faɗi zaune. Abin da ke ƙarƙashin tsumman ba ya faɗuwa, kuma baƙin ya haura gwiwa.

Alhaji Mani ya shigo yana tuntuɓe da babbar riga. "Wa ya kwance mini aiki? Ke, Mansura? Mace? Kin san abin da kika yi? Kin karya laƙani!"

"Baba, dubi ƙafar."

"Ba ni dubawa. Tunda hannun mace ya taɓa, abin da duk ya faru ke kika jawo."

"Baba, na ce ka dubi ƙafar."

Bai duba ba. Rufin ɗaki ya duba, rufin da ƙafar ta saya. Mansura ta juya ga Yahuza ta ce ya kawo makullin mota, ya ce ba mai. Ta fita titi ba ko takalmi, ta tare wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan masara, ta roƙi direban da girman iyayensa. Shi da yaron motarsa suka ɗauko Bilya a tabarma suka ɗora kan buhuna. Alhaji ya biyo su har ƙofar gida yana ɗaga murya don maƙwabta su ji.

"Ku shaida! An fitar da shi ba da yawuna ba! Saura kwana ɗaya aiki ya kammala!"

A asibiti likitan bai yi dogon bayani ba. Ya duba, ya tambayi wanda ya yi ɗaurin, Mansura ta sunkuyar da kai. Ya ce jini ya daɗe da daina zuwa ƙafar, ta mutu tuntuni, yanzu maganar rai ake yi. Sama da gwiwa aka yanke. Da Bilya ya farfaɗo ya ga inda zanen gado ya kwanta shafal, sai ya juya fuska bango. Kocinsa da ya zo daga baya ya tsaya a kansa yana ta maimaita cewa an gaya masa ya fara takawa.

Da aka sallame shi ya koma Mairuwa da sandunan guragu, don ba shi da wani gidan. Ya tarar labari ya riga shi isowa, an wanke shi an goge. Ɗori ya kama, zakara ya taka, kowa ya gani. 'Yar'uwarsa ce ta karya laƙani ta kai shi wurin masu wuƙa, su kuwa abin da suka iya ke nan. Maimakon kasuwar Alhaji ta mutu, sai ta buɗe. Wanda duk ya ji tsoron asibiti a da, yanzu ya sami hujja mai tafiya da sanduna.

Wata ranar kasuwa aka kawo wani yaro daga Damari, ya faɗo daga mangwaro ya karya hannu. Uban yana ta waswasi, yana cewa ko dai Funtua zai wuce da shi. Alhaji Mani ya aika a kira Bilya. Ya fito yana dogarawa, ƙafar wando ɗaya a naɗe.

"Malam, dubi nan," in ji Alhaji. "Ɗana ne, na cikin gidana. Ka san shi, ka ji shi a rediyo. Ga abin da asibiti ta yi mishi. In kana son naka ya koma haka, ga hanya nan."

Bilya ya dubi yaron, ya dubi damin karare da igiyar da ke gefen buzu. Bai taɓa ɗaga murya a zauren nan ba tun da aka haife shi.

"Malam, ɗauki ɗanka ka tahi asibiti," ya ce. "Ba su suka kashe ƙafata ba. A ɗakin can ta mutu, da igiyar nan. Baba bai iya ɗori ba. Bai taɓa koyo ba."

Mutumin Damari ya dubi Alhaji da rawaninsa, ya dubi gurgu da sandunansa, ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, samari. Zafin rashi ne." Ya tura ɗansa gaban buzu.

Abin da ƙafa ba ta yi ba, magana ta yi. Lokacin da Bilya ke ruɓewa a ɗaki ba wanda ya kira taron dangi, ba wanda ya ga hanya ta yi kyan biyowa. Amma da aka ji ya ƙaryata wan ubansa a gaban baƙo, sai ga dattawan zuri'a daga Kankara, daga Faskari, har da wani tsoho da aka ɗauko daga Sabuwa a bayan mota. Mai ya samu, hanya ta yi lafiya. Aka hana Mansura shiga, aka ce ita ce tushen fitina. Aka yanka zakaran nan aka yi wa baƙi miya.

Suka zauna a tsakar gida bayan la'asar, Alhaji Mani a kan kujera yana share ido da bakin rawani, wai ɗan da ya riƙa ya tozarta shi. Dattawa suka yi ta bi da bi. Wannan ya ce ƙaddara ba ta wuce ranarta, ko a gadon likita yake in Allah Ya rubuta sai ta tafi. Wancan ya ce babba ba ya laifi a gaban yaro. Wani ya ce ko ma an yi kuskure, asirin gida a ciki yake zama, sunan Malam Jabiru ba abin wasa ba ne. Yahuza, da makullin mota a aljihu, ya ce shi dai ya yi iyakar ƙoƙarinsa. An bar jaki ana dukan taiki, kuma cikin mutanen nan duka ba wanda ya iya sauke ido ƙasa da ƙugun Bilya.

Tsohon Sabuwa ne ya yanke hukunci. Ya ce magana ta ƙare, yaro ya durƙusa gaban ubansa, gwiwa biyu a ƙasa kamar yadda aka saba, ya nemi gafara, a shafa fatiha kowa ya kama hanya kafin duhu.

Bilya yana tsaye a tsakiya, sanduna a hammata, gumi na bin wuyansa. Inna Hajara ta matso ta bayansa tana raɗa.

"Durƙusa, ɗan nan. Don Allah durƙusa a wuce wurin."

Ya dubi uwarsa, ya bi dattawan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Alhaji Mani.

"Na ji, Inna," ya ce. "Gwiwa biyu aka ce. Ga ɗaya nan. Baba ya ba ni ɗayar in durƙusa."